Daga Matata Zuwa Randa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sa Ido a Ingancin Ruwan Famfo

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu gidaje, masu unguwanni, ɗalibai da sababbin ma'aikatan ruwa. Mun tattaro su wuri guda, mun ba kowace amsa gwargwadon nauyinta.

In an riga an tace ruwa a matata, mene ne na sake gwada shi a cikin gari?

Saboda ba a bakin matata ake shan ruwa ba. Ruwan da ya baro Tamburawa ko Challawa a Kano, ko Goudel a Yamai, yana iya fitowa garau, an zuba masa alif laka ta kwanta, an tace shi da yashi, an sa masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, daidai. Amma daga nan tafiya ce mai nisa: manyan bututu, tankunan ajiya, ƙananan bututun unguwa, sannan ɗan siririn bututun da mai gida ya ja zuwa tsakar gidansa. Wani ruwan yakan iso cikin 'yan sa'o'i, wani sai ya kwana biyu ko uku a hanya. Duk abin da ya same shi a tsakanin nan, takardar gwajin matata ba ta san da shi ba.

Ga kuma tsufa. Tun farkon shekarun 1930 Kano take shan ruwan Challawa, kuma a kowane tsohon birni akwai bututun da suka girmi masu kula da su. Gari yana faɗaɗa, ana jona sabo a jikin tsoho, ana haƙa kwata a kai, ana zuba kwalta a rufe. Shi ya sa masana ke cewa sakamakon da ya fi muhimmanci shi ne na famfon ƙarshe, wanda yake can bakin gari, ba na famfon farko ba.

To ta ina ƙazanta take shiga bututun da yake rufe?

Wannan ita ce tambayar da in an gane ta, an gane rabin lamarin.

Babu hanyar rarraba ruwa a duniya da ba ta yoyo. Akwai tsaguwa, akwai mahaɗar da ta saki, akwai inda wani ya huda ya ja ruwa da dare ya ɗaure da roba. Muddin bututu yana cike kuma ruwa yana tafiya da ƙarfi, ruwan ciki ne yake fita waje. Asara ce, amma ba cuta ba. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauke ruwa. Da zarar bututu ya zama fanko, sai lamarin ya juya: abin da yake waje shi ne yake tsiyayowa ciki. In bututun ya ratsa ta kwata, ruwan kwata ne zai shiga. In yana kusa da shaddar da take tsatsafo, to kun san sauran.

Ku dubi lungunanmu da kyau. Sau nawa kuka ga bututun roba baƙi kwance cikin kwata, guda biyar ko shida a jere, kowane da ƙullin tsohuwar robar taya a inda ya fashe? Mai gyaran famfo ya bi ta nan ne don ita ce hanya mafi sauƙi, ba sai an fasa siminti ba. Ranar da ruwa ya zo, za ka ga kumfa tana tashi a saman kwatar daidai wurin ƙullin. Ta inda kumfar nan take fita, ta nan ƙazanta take komawa in an ɗauke.

Sai kuma injin jan ruwa da wasu ke jonawa kai tsaye a bututun gwamnati don su riga maƙwabta samu. Injin yana zuƙa ne, kuma zuƙarsa ba ta bambance ruwan bututu da ruwan da yake kewaye da tsaguwa. Ya raunana ƙarfin ruwan layin baki ɗaya, ya cuci na gaba da shi, ya cuci kansa.

Don haka garin da ake ba ruwa yau, a ɗauke kwana uku, ya fi garin da ruwansa ba ya yankewa buƙatar gwaji, nesa ba kusa ba. Ruwan farko da yake fitowa bayan an dawo da shi, shi ne mafi haɗari, kuma abin takaici shi ne wanda kowa yake rububin tara, don ba a san yaushe za a sake ɗaukewa ba.

Me da me ake aunawa?

Jerin yana da tsawo, amma na yau da kullum huɗu ne: ragowar kulorin, dagulewar ruwa, ma'aunin pH mai nuna tsamin ruwa ko akasinsa, da ƙwayar cutar E. coli da ake samu a bayan gida.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha. Kulorin kuma ya kasance aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda mutum yake tarar ruwan. Dagulewa ana auna ta da ma'aunin da ake kira NTU: an fi so ta gaza 1 don kulorin ya yi aikinsa sosai, kada dai ta wuce 5. Shi kuwa pH, tsakanin 6.5 da 8.5.

Akwai kuma waɗanda ba kullum ake dubawa ba, sai lokaci-lokaci a ɗakin gwaje-gwaje: dalma, wadda iyakarta miligiram 0.01 ce a lita, sinadarin fuloraid, miligiram 1.5, sinadarin naitiret, miligiram 50, sai baƙin ƙarfe da manganis masu ɓata launi. A Najeriya an tattara waɗannan iyakoki cikin ƙa'idar ingancin ruwan sha ta ƙasa mai lamba NIS 554, wadda SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ta fitar a 2007, aka sabunta ta a 2015.

Me ya sa ake ta maganar kulorin kamar shi kaɗai ne?

Saboda shi ne ɗan saƙon da yake kawo labari nan take. Gwajin ƙwayoyin cuta sai an jira kwana guda kafin a ga sakamako, kuma kafin nan an sha ruwan, an yi girki da shi, an dama wa yara koko. Gwajin kulorin kuwa minti biyu ne.

Ga yadda ake yi. Ma'aikaci zai buɗe famfo ya bar shi ya zuba na ɗan lokaci, ya ɗauraye ɗan kwalbar gwajinsa, ya cika ta zuwa layi. Sai ya ɓare ƙwayar DPD, wata 'yar farar ƙwaya da ba ta kai ta maganin ciwon kai girma ba, ya jefa ya murƙushe. In akwai kulorin, ruwan zai rine ya koma ruwan hoda. Sai ya ɗaga kwalbar wajen haske ya gwada launin da na katin da yake hannunsa, ya karanta lamba, ya rubuta. In ruwan ya tsaya fari fat kamar ba a sa komai ba, to babu sauran kulorin a layin.

Rashinsa ba ya nufin lallai akwai cuta. Yana nufin ɗayan biyu: ko ruwan ya daɗe a hanya har kulorin ya ƙare, ko wani abu ya shiga ya cinye shi. Kowanne ne, ruwan ya zama ba shi da mai gadi. Kuma a ƙasarmu mai zafi kulorin yana saurin ƙarewa. Abin da zai kai bakin gari lafiya a lokacin hunturu, a watan Afrilu yana iya mutuwa a rabin hanya. Maganin ba wai a antaya shi da yawa a matata ba ne, don na kusa za su kasa sha. Ana kafa wuraren ƙara shi ne a tankunan da suke tsakiyar hanya.

A ganina, in hukumar ruwa ba ta da kuɗin komai, ta sayi ƙwayoyin DPD da babur ɗaya da littafin rijista. Wannan kaɗai, in an yi shi kullum da gaskiya, ya fi ɗakin gwaje-gwajen da aka buɗe da biki aka kulle bayan wata shida.

Warin kulorin ɗin nan ba ya cutarwa?

A gwargwadon da ake sa shi, a'a. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 5 a lita, alhali hanci da harshe suna jinsa tun bai kai miligiram 1 ba. Gaskiya ne idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da makamantansu a ruwan da ba a tace da kyau ba, yana haifar da wasu sinadarai da su ma ake sa wa ido. Amma hukumar ta faɗa ƙarara cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don gudun waɗannan. A shekarar 2021 kaɗai, NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi, Jigawa da Kano ne suka fi jin jiki. Wanda warin ya dama ya zuba ruwan a mazubi mai tsabta, ya rufe, ya bar shi ya huce.

Yaya ake ɗibar ruwan gwajin ƙwayoyin cuta? Zan iya kai nawa a gorar roba?

Kada ka wahalar da kanka. Ruwan da aka kai a gorar lemo, abin da za a gwada shi ne gorar da hannun mai ita.

Kwalbar gwaji tana zuwa ne a tsabtace, an kashe duk wata ƙwaya da take ciki, kuma an sa mata ɗan sinadarin da yake kashe ƙarfin kulorin. Dalili kuwa, in an bar kulorin ɗin, zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a kan hanyar zuwa ɗakin gwaji, sakamako ya fito fes alhali ruwan ba haka yake ba. Ana cire duk wata roba ko tsumma da aka ɗaura a bakin famfo, a goge shi, a ƙona bakin da wuta in na ƙarfe ne, a bar ruwa ya zuba kamar minti biyu. Ba a taɓa cikin murfi, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a cika kwalbar maƙil. Sai a rubuta wuri, rana da lokaci, a sa a akwatin ƙanƙara, a kai cikin sa'a shida in da hali.

A can za a tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, a ɗora ta a kan abincin ƙwayoyin cuta, a sa a na'urar ɗumi mai zafin digiri 44 ta kwana. Da safe a ƙirga ɗigon da suka tsiro. A nan ne wutar lantarki take shigowa cikin magana: in an ɗauke wuta da tsakar dare na'urar ta huce, aikin ranar ya tashi a banza.

Me ya sa E. coli, ba ƙwayar kwalara ko taifod ba? Domin neman kowace cuta ɗaya bayan ɗaya yana da tsada da wuya. E. coli kuwa mazaunin hanjin mutum ne da dabba. Ganinsa a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga, kuma ƙofar da ya bi, kowace cuta za ta iya bi.

Sau nawa ya kamata a gwada, kuma a ina?

Na ƙwayoyin cuta, mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: garin da bai kai mutum 5,000 ba, sau 12 a shekara, daga 5,000 zuwa 100,000, sau 12 a shekara ga kowane mutum 5,000. Wato garin mutum 50,000 yana buƙatar samfuri goma kowane wata. Kulorin da dagulewa kuwa kullum ne.

Zaɓen wuri ya fi yawan lamba muhimmanci. Ma'aikacin da yake son ya koma ofis da wuri zai riƙa ɗiba a famfon da yake bakin titi kusa da tanki, kullum sakamako mai kyau. Inda ya kamata a je shi ne ƙarshen layi, da unguwannin tudu da ruwa yake isa da ƙyar, da bututun da ba su ɓulle ko'ina ba inda ruwa yake kwanciya, da inda aka yi gyara kwanan nan, da asibitoci da makarantun kwana da kasuwanni. A ƙara yawan gwaji da damina, musamman bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, lokacin da ruwan shadda da na kwata da na bututu suke zama abu guda.

Ruwanmu garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Ido yana ganin laka, ba ya ganin guba.

Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga wannan da idonsu. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne mai haske, kowa ya yi murna. Ashe fuloraid ɗin da yake cikinsa ya ninka iyaka. Shekaru suna tafiya, haƙoran yara suna rinewa, ƙafafuwan wasu suna lanƙwashewa, sai wajen shekarar 2000 aka tabbatar cewa ruwan ne. Ɗaruruwan yara sun nakasa. Gwajin da zai nuna wannan tun ranar farko ba wani mai tsada ba ne.

A birnin Flint na jihar Michigan a Amurka kuwa, a watan Afrilun 2014 aka sauya inda ake ɗebo ruwa, aka koma kogin garin, ba a sa maganin da yake hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya dinga zagwanye tsofaffin bututun dalma yana kaiwa gidaje. Jama'a suna kuka, jami'ai suna cewa lafiya lau, har sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito a Satumban 2015 da shaidar cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Abin lura a nan: a matata ba a ga dalmar ba, don a hanya take shiga. Kuma yadda ake ɗibar samfurin ma ya taimaka wajen ɓoye ta, don an riƙa ce wa mutane su fara zubar da ruwa tun da daddare, kafin ranar ɗiba. Gwajin dalma kishiyar na ƙwayoyin cuta ne: ruwan da ya kwana a bututu, aƙalla sa'a shida, shi ake tara da buɗewar farko.

Wani lokaci ruwa yakan zo fari kamar madara, wani lokaci ja. Mene ne?

Farin yawanci iska ce. Tara a kofin gilashi ka ajiye. In ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti biyu, ba komai. Jan kuwa tsatsa ce ko lakar da ta kwanta a bututu, ƙarfin dawowar ruwa ya taso ta. A bar shi ya zuba har ya washe. Amma in yana warin kwata, ko kun ga tsutsa, ko launin ya ƙi tafiya, a daina sha a kai rahoto ranar.

Wa yake da alhakin wannan aiki?

Hannu biyu ne. Mai ba da ruwa, wato hukumar ruwa ta jiha ko kamfanin da aka ba aikin, shi yake gwajin yau da kullum don ya san halin da layukansa suke ciki. Sai kuma mai sa ido daga waje, galibi ma'aikatar lafiya da jami'an duba-gari, wanda zai ɗebi nasa samfurin ba tare da ya sanar ba. Ba a barin ɗalibi ya yi wa kansa maki. Ruwan leda da na gora kuwa a Najeriya hurumin NAFDAC ne.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya take kira ga masu ba da ruwa su yi abin da ta kira tsarin kiyaye lafiyar ruwa: a bi hanyar tun daga kogi har famfo, a rubuta duk inda haɗari zai iya shiga, a ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin kowane wuri. Rigakafi ke nan, gwaji kuma ya zama mai tabbatarwa.

In littafin rijista ya nuna komai daidai, shi ke nan hankali ya kwanta?

Ya danganta da wanda ya cika littafin. Walkerton wani ƙaramin gari ne a lardin Ontario na Kanada, mutanensa ba su kai 5,000 ba. A watan Mayun 2000 aka yi ruwan sama mai yawa, ya kwaso kashin shanu daga wata gona zuwa ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Mutum bakwai suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta. Da aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mai shari'a Dennis O'Connor, sai aka gano masu kula da ruwan sun shafe shekaru suna rubuta lambar kulorin ba tare da sun auna ba. Da sun auna a kwanakin nan, da sun ga ya ɓace, da an tsayar da abin tun bai yi nisa ba.

Duk wanda ya saba duba irin waɗannan littattafai ya san alamar. Lamba ɗaya ce daga farkon wata har ƙarshe, 0.5, 0.5, 0.5, da biro ɗaya da rubutu ɗaya, har ranakun da kowa ya san ba a ba da ruwa ba. Ruwan gaskiya ba ya zama haka. Yau ya hau, gobe ya sauka, ranar da aka yi ruwan sama ya faɗi. Shugaban da yake faɗa wa ma'aikaci don ya kawo mummunan sakamako, shi yake koya masa cika littafi a ƙarƙashin bishiya.

Ba a sami na'urorin da za su yi wannan da kansu ba?

Akwai. Ana dasa su a jikin bututu suna auna kulorin, dagulewa da ƙarfin ruwa dare da rana, suna aika lambobin zuwa kwamfutar ofis ta layin waya. Suna da amfani ƙwarai, musamman masu auna ƙarfin ruwa, don su ne suke nuna lokacin da bututu ya fara zuƙa. Sai dai suna son wuta, suna son a riƙa daidaita su, kuma yawancinsu an ƙera su ne don bututun da ba ya bushewa. Ba sa maye gurbin mutumin da yake zagayawa da kwalba.

In an sami E. coli a wata unguwa, me ya kamata ya biyo baya?

A sake ɗiba nan take, a wurin da kuma gaba da bayansa, don a gano ta inda abin ya shiga. A duba ko an yi gyara ko fashewa a kusa. A ƙara kulorin, a buɗe ƙarshen layi a wanke shi, a toshe ɓarakar. In lamarin ya yi tsanani, a sanar da jama'a su tafasa ruwa, ta rediyo da masallatai da masu unguwanni, a yaren da suke ji, a kuma faɗi unguwannin da abin ya shafa da sunansu. Ba a janye sanarwar sai gwaji ya fito da tsabta fiye da sau ɗaya.

Ni da nake saye wurin 'yan garuwa, ko nake da tanki a saman gida, me zan yi?

Jarka da tanki da randa su ma bututu ne, sai dai ba mai zagayo da kwalba ya duba su. Tambayi mai garuwa inda yake ɗiba, ka leƙa cikin jarkarsa. In ka ga gansakuka kore a bango, sauya mai kawowa. Tankin sama a rufe shi ruf, a sauke ruwansa a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara. Na ƙasa kuma a nisanta shi da shadda, a ɗaga bakinsa sama da inda ruwan sama yake kwanciya. Randa a ba ta murfi da moɗa mai dogon hannu wadda ba ta sauka ƙasa, kada kowa ya tsoma kofinsa.

Ranar da ruwa ya dawo, a bar na farkon ya tafi wanki da ban ruwan shuka. Na sha, in ana shakka, a tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jiki, a jira minti talatin. In ya dagule, a bari ya kwanta a tsiyaye tukuna. A dai tuna tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Ba ta cire dalma, ba ta cire fuloraid, ba ta cire naitiret. In gidaje uku ko huɗu a layi ɗaya suka fara amai da gudawa a mako guda, a kai marasa lafiya asibiti, a kuma sanar da mai unguwa da jami'in duba-gari su sa a zo a ɗebi ruwan kafin a sake ɗaukewa.